Doguwar Wayar Gidan Alhaji Sabo

Larabar da ta wuce ina zaune a bakin rumfata a kasuwar Oil Mill, sai ɗaya daga cikinku masu cajin waya ya sayi sabuwar ekistenshin a hannun mai tura baro. Ina kallon yadda ya gwada ta. Ya soka a soket, 'yar jar fitilar nan ta kama, ya ce lafiya lau, ya fara naɗewa. Na ce ya miƙo in buɗe. Ya ce, "Baba Haladu, ai ta kawo wuta." Na ce na gani, wadda za ta kashe mutum ma tana kawo wuta. Da na kwance bayanta, babu wayar ƙasa a ciki sam, ramin sama na kowane soket ado ne kawai, jan ƙarfen da ke cikin robar kuma bai fi gashin wutsiyar sa kauri ba. Ya karɓi abarsa ya ce zai lallaɓa da ita. Haka kuke cewa dukanku. Gani kuke aikin nan na tsoho ne da ya rasa abin yi, ya zauna yana shafa waya kamar mai jan carbi. To ku matso ciki, yau ruwa ya kori masu ciniki.

A lokacinmu ba a sayen ta a leda. Doguwar waya muke ce mata, kuma da hannu ake haɗawa. A yanko katako, a ɗaura soket ɗaya ko biyu a kai, a auno waya da yadi, a sa mata fulogi mai zagayayyun ƙafafu. Duk wadda ta fita daga hannunka, in ta yi ɓarna, kowa ya san ƙofar da zai buga.

Ni shanu na rako Kudu. Kawuna dillali ne, ya ɗauko ni daga ƙauyenmu a ƙasar Katsina ina saurayi, muka sauka a Inugu. A unguwar Hausawa akwai wani mai shayi da yake jawo wuta daga shagon tela zuwa ƙwan fitilarsa. Teburinsa an lulluɓe shi da kwano, kuma duk ranar da aka yi ruwa sai teburin ya riƙa cizon mutane. Ka ɗora hannu ka ji zirr har gwiwar hannunka. Wasu suka ce a kira mai addu'a, telan ya ce a kira Oga Fidelis. Mutumin Anacha ne da aiki ya kawo shi Inugu, gajere, mai furfura a gefen kai, ya yi shekaru yana aikin wuta a ma'adinan kuza na Jos, shi ya sa Hausarsa ta fi ta wasunmu fita. Ya iso a kan keke da wani akwatin katako a ɗaure a baya. Bai taɓa teburin ba. Ya fara zare fulogi daga shagon tela, sannan ya kama wayar tun daga kai yana jan ta a hankali tsakanin yatsunsa. Da ya zo inda ƙafar tebur ta danne ta sai ya tsaya. Ya waiwayo, ni ne a kusa, ya ce, "Kai, saurayi, riƙe mini nan." Na riƙe. Ban koma wajen shanu ba.

Wata uku na farko bai bar ni na taɓa komai mai wuta ba. Shafa waya kawai. Da muka koma Anacha, inda yake da ɗan shago a bayan babbar kasuwa, sai ya zubo mini tsofaffin wayoyi a gaba, ya ce in rufe ido in bi kowace da hannu in faɗa masa abin da na ji. Inda ta kumbura, zafi ya taɓa dafa ta. Inda ta yi tauri kamar busasshiyar fata, robar ciki ta mutu, in ka lanƙwasa za ka ji tana ƙas-ƙas. Inda ta yi laushi fiye da sauran jikinta, gashin jan ƙarfen ya tsintsinke a ciki. Wayoyin dutsen guga na wancan zamani da zare ake saƙa bayansu, daga waje ka gan su fes, ciki kuwa robar ta zama gari. Sannan hanci. Fulogin da ya sha zafi yana da wani wari kamar na kifin da ya kwana, ko an wanke shi ba ya ɓoyuwa.

Sai da hannuna ya waye ya bar ni na fara buɗe fulogi. Ja ita ce mai wuta, ita ke bi ta fis, ɗan zaren ƙarfen nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Baƙa ita ce ta komawa. Koriya ita ce ta ƙasa, tana kan doguwar ƙafa, kuma dole ka bar mata sarari ta fi sauran tsawo, don in aka fizgi waya ita ce za ta kuɓuce daga ƙarshe. Muna gwada ta da batir da ɗan ƙwan tocila. Ka haɗa wannan baki da wancan, ƙwan ya kama, amma ba a nan aikin ya ƙare ba. Sai ka riƙa girgiza wayar kana lanƙwasa wuyanta, idonka a kan ƙwan. In ya ƙifta ko sau ɗaya ne, akwai karaya a ciki. Wani mai ɗaukar hoto a layin 'yan atamfa ya taɓa kawo mana tasa, ta ci gwajin batir sarai tana kwance a tebur, ina ɗaga ta sama ƙwan ya mutu.

Akwatin katakon nan shi ne mega. Yana da hannu a gefe kamar na keken ɗinki, da allura a bayan gilashi, da wayoyi biyu masu bakin kada. In ka juya hannun, shi da kansa yake haifar da wuta mai ƙarfi ya tura cikin waya, ya nemo inda take yoyo. Allura ta tsaya can sama, roba tana da lafiya. Ta faɗo ƙasa, wuta ta sami hanyar fita, kuma ranar da ta sami jikin mutum ta nan za ta bi. Ranar da zai fara koya mini, Oga Fidelis ya ce in riƙe bakunan biyu da hannu. Ya juya sau ɗaya. Na yi tsalle na buge kai da kanta. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan ƙanwarta ce. Yayar ba ta sakin mutum."

Masu kawo aiki su ne wahalar sana'ar. Ba wanda yake son a ce masa kayansa sun mutu alhali jiya da yamma ya yi amfani da su. Oga Fidelis kuwa in waya ta faɗi gwaji, a gaban mai ita yake sa filaya ya datse kan fulogin ya miƙa masa. Na ga tela ya ɗaga masa almakashi a kan haka. Na ga wata mai sayar da ƙanƙara ta zage shi da yarensu tun daga shago har bakin titi. Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Ya ce mini in ka mayar wa mutum da ita da kanta, ko ya rantse maka da kabarin ubansa, kafin magariba ta koma soket.

Da na gama shekaruna ya sallame ni, ya ba ni tsohon megansa, don ya sami wani a gwanjo. Na gangara Fatakwal saboda mahauta sun fara sayen firiza, kuma garin nan kun san shi, ruwan sama da iskar gishiri ba sa barin waya ta tsufa da mutunci. Na kama ɗaki kusa da kwata. Maƙwabcina wani mahauci ne, Tanko, mutumin ƙasar Zazzau, ƙato mai murya, in yana dariya har a bakin titi ana ji. Shi ya sa mini suna Injiniya don tsokana, shi ya kuma kai ni wajen Alhaji Sabo, babban dillalin shanu na unguwar, na haɗa masa wayoyin firizarsa. Daga nan aiki ya buɗe. Teloli, masu aski, masu tsire da ke son ƙwan fitila a kan tukubarsu, duk ni suke nema. Tanko ba ya rabuwa da zancen ƙanensa Sa'idu da ya bari a gida yana noma da kula da tsohuwarsu. Kullum cewa yake da rani zai kawo shi ya koyi aikin wuta a wajena, don kada ya ƙare da warin jini kamar shi.

Sai shekarar da sojoji suka yi juyin mulki har sau biyu. Damina ta yi nisa lokacin da jirgin ƙasa ya fara sauke mutanen Gabas da suka gudo daga Arewa. Na je tasha gyaran wata waya na gan su da idona, wasu da ɗaurin kai, wasu mata suna ta kiran sunayen 'ya'yan da ba su sauko tare da su ba. Daga ranar gari ya juya mana. Wanda kuke gaisawa kullum sai ya kau da kai. Aka ƙone rumfuna a bakin kwata, aka kashe mutanenmu a hanyar kasuwa, har da masu tsire biyu da na sa wa fitila. Shi kansa Tanko an biyo shi da adduna, wata mai sayar da manja da ta saba sayen nama a wajensa ta tura shi bayan gangunanta ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar wake har suka wuce. Ya dawo riga duk manja yana ba da labari yana dariya.

Aka yi shela cewa duk wanda ba ɗan yankin ba ya tattara ya tafi. Mutanen unguwa suka taru a gidan Alhaji Sabo, don yana da doguwar katanga da filin da yake tsare shanu, 'yan sanda kuma suka tsaya a ƙofa ana jiran motocin da za su kwashe mu. Aka kafa rumfuna da tamfol da tsohon kwano, maza a gaba, mata da yara a can baya wajen garke. Ƙasa ta zama taɓo. Soket biyu ne a gidan gaba ɗaya, ɗaya a falon Alhaji, ɗaya a sito. Kowa kuma da abin da yake son jonawa, amma babba shi ne rediyo. Lokacin labarai ko tari ba a yi.

Washegarin shigarmu na ce duk mai doguwar waya ya kawo. Na zauna a barandar sito da mega na bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku suka ci gwaji, na rataye su a sama da igiya, nesa da taɓo, suka ba rumfunan maza haske da rediyo. Ta huɗun ta wani tela ce, Mamman, irin mai saƙar zaren nan, kuma ta fi duka tsawo. Ita kaɗai ce za ta kai rumfar mata. Tun a hannu na ji tana ƙas-ƙas. Na sa mega, ban gama juyi ɗaya ba allura ta kwanta. Na ɗauki filaya na datse kan, na naɗe ta na jefa bayan buhunan dusa.

Alhaji ya aiko a kira ni. Ya ce, "Haladu, an ce ka yanke wayar da za a kai wa mata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta mutu. Wuta na fita ta jikinta."

Ya ce, "Akwai masu jego a can. Jiya an kashe maciji a bakin garke. A bar su cikin duhu?"

Na ce a ba su fitilun ƙwai.

Ya ce, "Da wane kananzir? Kai za ka fita ka sayo?"

Sabuwar waya tana shagona, shagon kuma yana inda ba mai iya zuwa. Na gwada haɗa biyu daga cikin masu kyau, ba su kai ba, kuma maza suka ce ba za a raba su da rediyo ba. Ga wata matsalar, kaya sun yi wa layin yawa, fis ɗin gidan sai ƙonewa yake. Na canza har zaren fis ɗina ya ƙare. Da na ce a rage kaya, sai wani ya sami guntun waya mai kauri ya naɗa a gurbin. Wuta ta zauna, kowa ya ce madalla. Na gaya wa Alhaji cewa yanzu ko gidan zai kama da wuta wannan abin ba zai yanke ba. Ya ce, "Kwana nawa ya rage mana a nan? Allah zai tsare."

Ana gobe motoci za su zo, da magariba, na hango haske a rumfar mata. Na bi na duba. Tanko ne ya zaro wayar Mamman daga bayan dusa, ya feƙe bakinta da wuƙarsa, ya cusa a soket ɗin sito ya toshe da tsinken ashana. Don kada ta kwanta a taɓo, sai ya bi da ita kan wayar shanya, irin ta ƙarfen nan da aka ɗaure daga sito zuwa garke, ya nannaɗe ta a jiki. Yara suna ta murna a ƙarƙashin ƙwan. Na zare ta. Tanko ya biyo ni.

"Haba Injiniya, akwai mai naƙuda a can. Da me ungozoma za ta gani?"

Na ba shi tocilata, na ce batirin zai kai safe in an yi tattali. Ya karɓa yana girgiza kai. Ya ce, "Masu adda sun bi ni ba su same ni ba, sai wannan 'yar igiyar?" Na ce ya dai bar ta. Na so in kwance ta daga kan wayar shanyar in daddatsa, amma duhu ya yi, ga kayan mutane a rataye, na ce da safe.

Matar ta haihu lafiya da hasken tocila. Kafin asuba aka yi ruwa mai yawa. Da gari ya waye motoci suka iso, direban ɗaya ya ce fitilarsa ba ta kamawa, aka kira ni waje in duba. Ina can ƙarƙashin mota, ashe tsofaffin mata sun ce suna son jin labaran safe kafin a hau hanya, ko an faɗi halin da hanyar take ciki. Wani ya mayar da wayar cikin soket ya kai musu rediyo. Har yau ban san ko wane ne ba, ban kuma tambaya ba. Zaren jikinta ya sha ruwa ya ƙoshi. Tanko ya yi wanka a bayan sito, ya fito ba takalmi, ya miƙa hannu zai ɗauki rigarsa a kan shanya.

Ihun mata na ji. Da na shigo da gudu yana tsaye, hannunsa a damƙe da wayar shanya, kansa ya karkace, bakinsa a buɗe ba sauti. Mamman tela ya taho zai rungumo shi, na bangaje shi ya faɗi cikin taɓo. Na faɗa sito na fizge wayar daga soket. Sai a lokacin Tanko ya zube. Da fis ɗin kirki ne a gidan, wataƙila da ya yanke tun kafin ya taɓa, don wutar ta daɗe tana bin ƙarfen nan tana sauka ƙasa. Na kifa shi na riƙa danna bayansa ina ɗaga hannuwansa yadda Oga Fidelis ya koya mini, irin yadda suke yi a ma'adinai. Na yi har hannuna ya gaji, wani ya karɓa. Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Bari haka, Haladu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A tafin hannunsa akwai layi ɗaya fari, kamar an ɗora masa zaren da aka tsoma a tafasasshen mai. Ban da shi babu ko ƙwarzane a jikinsa.

'Yan sanda suka ce ba mai fita zuwa maƙabarta, kuma motoci ba za su wuce hantsi ba. Mamman ya ciro farin yadi daga kayansa ya yanka likkafani. Aka yi masa wanka, aka sallace shi a tsakar gida, muka haƙa a kusurwar garke inda ƙasa ta ɗan fi tauri. Ruwa na tsattsafowa cikin ramin muna kwarfewa da kwano. Ana cikin mayar da ƙasa direbobi na ta danna ham. Na ɗauki ƙunshin wuƙaƙensa da rigar da bai kai ga sawa ba, na hau mota.

A bakin gadar Anacha aka tare mu. Samari ne da sanduna da 'yan bindigogi, da wasu masu kaki. Aka sauke kaya ana bincike. Ɗaya ya buɗe buhuna ya ga mega, ya ja da baya ya yi ihu. Suka taru a kaina. "Wetin be dis?" Na ce na gwada waya ne. Suka ce ƙarya ne, na'urar aika saƙo ce, da ita nake gaya wa sojojin Arewa inda suke, ga hannun juyawa ga allura. Na ce a kawo kowace waya in nuna musu. Ba wanda ya saurara. Aka durƙusar da ni a kan kwalta, na ji bakin bindiga a ƙeyata. Wani dattijon ɗan sanda ya zo ya ɗaga akwatin ya jujjuya, ya yi musu magana da yarensu, ya daɗe yana yi. Abin da suka daidaita a kai shi ne ni in tafi, akwatin ya tsaya. Wani ya sa gindin bindiga ya fasa gilashin, ya ɗaga shi ya wurga cikin kogi. Daga inda nake durƙushe ina hango rufin babbar kasuwa, shagon Oga Fidelis yana bayanta kaɗan. Ban sake ganinsa ba. Bayan yaƙi na je na tarar kasuwar ta ƙone, layin shagonsa ciyawa ce, wanda na tambaya ya ce an ce sun gudu ƙauye, wani ya ce bai taɓa jin sunan ba.

Kafin in wuce gida na sauka a ƙasar Zazzau na nemi garinsu Tanko. Labari ya riga ni isa, amma ba yadda ya faru ba. Abin da suka ji shi ne an kashe Tanko a Fatakwal. Na gaishe da tsohuwar na yi mata ta'aziyya, na ajiye wuƙaƙen da rigar a gabanta. Sa'idu na zaune a bakin ƙofa, dogo siriri, bai kai yayansa jiki ba. Da muka fito zaure ya ce, "Yaya Haladu, su nawa ne suka taru masa?"

Na ce, "Ba kowa. Wutar lantarki ce ta ja shi, a cikin gida, a tsakiyar mutanenmu."

Ya dube ni. Garinsu ko fitilar titi babu, bai taɓa ganin abin da wuta ke yi wa mutum ba. Ya ce, "Yaya Tanko da yake kayar da bijimi shi kaɗai? Waya?"

Na kwashe yadda aka yi na gaya masa, har da matar da ta ɓoye shi a bayan gangunan manja. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Na gode. Na san Inna kake tausaya wa, shi ya sa ka zo da wannan. Ni ba sai ka ɓoye mini ba." Na rantse masa. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya raka ni bakin hanya. Da aka fara ɗaukar soja bayan yaƙi ya ɓarke, na ji yana cikin na farko da suka tafi daga garin.

Ni ma yaƙin ya mayar da ni Gabas, amma da filaya. Bayan sojojin tarayya sun shiga Inugu, wani ɗan kwangila ya ɗauke ni aikin wuta a wata makaranta da aka mayar asibitin soja. Janareta ɗaya, ɗakuna da yawa, komai da doguwar waya ake kai masa wuta: fitilar tiyata, tukunyar dafa almakasai, fanka. Sabuwar waya babu. Daga gidajen da aka gudu aka bari ake yayo su, wasu sun sha wuta, wasu ɓera ya ci, har da wayar tarho ake kawo mini a ce in haɗa. Ga shi ba mega. Sai na koma dabara. In cika bokiti da ruwan gishiri, in naɗe wayar in nutsa ta ciki, bakunan biyu a waje, in ba ta wuta, in tsoma bakin testa, sukudireban nan da ke yin ja in ya ji wuta, a ruwan daga nesa ina tsaye a kan busasshen katako. In testa ta yi ja sosai, wayar na yoyo. Kada wanda ya gwada wannan a cikinku, ni ma don babu yadda zan yi ne. Cikin goma da ƙyar uku suke tsira, kuma kullum sai na yi faɗa da wani saje a kan sauran.

Wata rana da hantsi likita ya ce a kai fitila ɗakin da ake wanke raunuka. Na ɗauko wata waya da na gwada da safe, na ratsa ta babban ɗakin marasa lafiya da ita a naɗe a kafaɗa. Sai na ji an ce, "Yaya Haladu." Na duba gadajen ban gane kowa ba, sai da ya ɗaga hannu. Sa'idu ne. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, ƙafarsa ta dama ta ƙare a gwiwa, an naɗe da bandeji. Ya ce a hanyar Anacha ne, nakiya. Na yi masa sannu, na tambayi Inna, ya ce rabonsa da labarinta tun bara. Na ce bari in kai wannan in dawo. Ya riƙe bakin rigata.

"Yaya Haladu, don Allah. Yanzu ba Inna a nan. Da gaske waya ce?"

Na ce, "Waya ce, Sa'idu."

"Wace iri?"

Na sauke ta kafaɗata na nuna masa. Na ce, "Irin wannan. Ta ɗan fi ta tsawo."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya riƙe ta a tafinsa yana ɗagawa yana saukewa, ya shafa katakon, ya shafa fulogin. Ya daɗe yana kallon ta.

Ya ce, "Ko nauyi ba ta da shi."

Ya miƙo mini, ya ja bargo ya rufe inda ƙafarsa ta ƙare. Nas ta leƙo ta ce likita na jiran fitila. Na ɗauki wayar na tafi na jona.